Ni da Hajiya Memuna Mun Je Kallon Ganye

Tun da na dawo ban sayar da waakye, shinkafa da waken nan tawa, cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta miƙo kwano sai ta haɗa da tambaya. Mma Ladi, yaya Amurka? Da gaske ba a ɗauke wuta? Wannan tabon na hannunki fa? Layi ya kai bakin kwata, masu zuwa aiki suna duba agogo, ni kuwa ina riƙe da ludayi ina ba da labari guntu-guntu. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a bar ni in yi cinikina.

Kun san Razak, autana, wanda ke zaune a Ohio. Matarsa Samira 'yar unguwar Nima ce ta nan Accra, aikin jinya take yi a can. Tun tana da cikin fari suka nema mana izinin shiga ƙasar mu biyu, ni da mahaifiyarta, Hajiya Memuna mai mayafai da turare a kasuwar Nima, wai don kada wani ɓangare ya ce an fifita wani. Yaran zamani suna da adalci, hangen nesa ne dai ba su da shi. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami namiji, aka sa masa Mubarak, mu kuma muka tashi jim kaɗan bayan suna.

Ni da Hajiya ba mu taɓa sa-in-sa ba, Allah shaida. Gaisuwarmu ma ta fi ta kowa tsawo. Sai dai irin gaisuwar nan ce da baki ke tambayar gajiya, ido yana auna zane. Ta je Makka sau biyu, ni iyakata Kumasi da Tamale, kuma ba ta taɓa bari in manta ba. A cikin jirgi ita ta nuna mini yadda ake ɗaura bel bayan na riga na ɗaura. Ita ta gaya mini abincin da za a kawo, aka kawo wani daban.

Da muka sauka muna jiran kaya, sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne sanye da riga, ma'aikaciya na biye da shi. Ya shinshina jakata ya wuce. Ya isa ta Hajiya ya zauna, ya ɗaga kai yana kallonta kamar tsohon abokin ciniki. An tambaye ta ko tana ɗauke da nama ta ce a'a, kuma har yau tana nan a kan cewa ba ta yi ƙarya ba, don ganda fata ce. Aka buɗe jakar, aka zaro busasshiyar ganda ƙulli-ƙulli daga cikin zannuwa, aka yi mata nasiha cikin ladabi, aka zuba a kwandon shara tana kallo. Nawa kayan kuwa, busasshen kifi da soyayyen yajin shito da daddawa, ma'aikacin ya buɗe robar daddawar, ya kai hanci, ya rufe da sauri, ya yi mini alama da hannu in wuce in yi nisa. Ban yi dariya ba. Na dai yi tari mai ɗan tsawo.

Abin da ya fi damun Hajiya ba gandar ba ce, hancin karen ne da ya taɓa jakar da hijabin sallarta ke ciki. Muna isa gida ta nemi ƙasa za ta wanke ta. Gidan bene ne, ko'ina siminti da kafet. Washegari aka tarar da furen Samira na taga ya karkace, rabin ƙasar tukunyarsa babu.

Ƙasar nan shiru gare ta kamar gidan da aka yi rasuwa. An yi haihuwa, amma maƙwabci ko ɗaya bai leƙo barka ba. A unguwarmu Maamobi da tuni an cika tsakar gida, wannan ta kawo sabulu, waccan ta kawo itace, wata ta zo cin abinci kawai. Tunda babu kowa, sai ni da Hajiya muka zama unguwa gaba ɗaya, kuma muka yi aikin unguwa har da ƙari.

Da safe ni ce zan yi wa yaro wanka don ni ce uwar uba. Hajiya ta ce ita ce za ta yi don jego a hannun uwar mace yake. Ranar farko Mubarak ya sha wanka biyu kafin hantsi. Na ce a gasa masa kai ya yi kyau, ta ce cibiya ake fara gasawa. Na dama wa mai jego kooko mai citta da yawa, ta tuƙa mata tuwo da miyar ayoyo, Samira ta ci duka biyun don kada ran wata ya ɓaci. Da ta ce likita ya ce ruwa mai ɗumi ya isa, ga ita ga jaririn, nan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya da Hajiya, muka ce likitan bai taɓa haihuwa ba. Aka ce mana mace ce mai 'ya'ya uku. Muka ce to ba ta yi jego ba.

Ana haka wata Alhamis Razak ya dawo daga aiki ya ce mu shirya, gobe zai kai mu wani gandun daji na gwamnati a kan tsaunuka, can kudu, mu kwana biyu. Ƙawar Samira za ta zo ta zauna da ita. Na tambaye shi me ake yi a can.

"Kallon ganye, Mma."

"Ganyen me? Na miya?"

"Na bishiya. Yanzu kaka ta fara, ganye yana canja launi kafin ya zube. Mutane daga ko'ina suke zuwa."

Na dube shi da kyau in ga ko aiki ne ya yi masa yawa. Wato ganye zai mutu, shi ne ake shan mai a je yi masa rakiya. Na ce ni ba inda za ni in bar jariri. Hajiya ta ce ita ma haka. Sai ya ce to shi ke nan, wadda ta gaji ta zauna, ya tafi da ɗayar. Kowacce ta lissafa: in na zauna ta tafi, za ta dawo Accra da labarin da ba ni da shi; in na tafi ta zauna, yaro ya zama nata. Kafin magariba duk mun haɗa kaya.

Da asuba na dafa waakye na cika babbar kula, don ban yarda da abincin hanya ba. A bakin mota aka tsaya kan kujerar gaba. Na ce Hajiya bismillah, ke ce babba. Ta ce haba Maman Razak, motar ɗanki ce. Kowacce tana so, kowacce tana jira a matsa mata sau uku. Razak ya gaji ya ɗora kular a gaba, mu muka shiga baya. Motar ta ji nauyi ta ɗauka mutum ne, ta yi ta tsuwa, sai da aka ɗaura wa kular bel ta yi shiru. Haka waakye ya tafi yawon buɗe ido a kujerar manya.

Hanya kam ba a magana, shimfiɗe kamar tabarma. Amma hanya ce marar albarka. Tun safe har azahar ba wanda ya miƙo mana ko ruwan leda ta taga. Ba mai ƙosai, ba mai soyayyar ayaba, ba yaron mota mai ihu, ba mai wa'azi, ba mai maganin basir. Ko hon ban ji ba. Mutum zai iya mutuwa da yunwa a cikin gudu.

Muka tsaya wani wurin hutawa don sallah. Famfunan wurin ba su da abin murɗawa, sai ka miƙa hannu su ga dama. Na Hajiya ya kawo, nawa ya ƙi. Na matsa nata, ya ɗauke. Allah ya sa na zo da butata tun daga Maamobi, wadda Hajiya ta yi ta yi wa dariya a filin jirgi. Ranar ita ta fara cewa a ara mata. Da muka fito kan ciyawa sai rigimar alƙibla. Na ce gabas gabas ce ko a ina. Hajiya ta ce ita da ta ga Ka'aba da idonta jikinta yana gaya mata, ta juya wani wajen. Razak ya duba wayarsa ya nuna tsakaninmu. Kowacce ta gyara kaɗan, ba don ta yarda ba, ya shiga gaba ya ja mu.

Da yamma muka isa wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan. Masaukinmu ɗan gida ne na katako a cikin bishiyoyi, irin wanda a nan za a ce mai shi bai gama gini ba, a can kuwa shi ake rububi. Mai gidan wata tsohuwar obroni ce, wato baturiya, mai fara'a, kowa zuma take kiransa, har Razak da gemunsa. Mutanen wajen suna gaisuwa, ba kamar na birni ba. Ta zagaya da mu, ta nuna mana kwandon shara mai sakata, ta ce kada mu bar ko ɓawon ayaba a waje saboda beyar, wata baƙar dabba mai gashi wadda in ta miƙe ta fi mutum tsawo, kuma ta iya buɗe ƙofar mota. Hajiya ta tambaya ko tana cin mutane. Matar ta ce ba kasafai ba. Wannan amsar ba ta kwantar wa kowa da hankali ba.

A baranda kuma ga wani ƙaton baho cike da ruwan zafi yana tafasa, wai na shaƙatawa ne, ƙatti su shiga su zauna ba ciwon komai. Na dubi Hajiya, ta dube ni. Ashe suna da ruwan zafi, mai jego kawai suke hana wa.

Ɗaki biyu ne, don haka gado ɗaya muka raba da Hajiya. Da safe ta ce ban bar ta ta runtsa ba da minshari. Ni kuwa na san abin da kunnena ya ji. Mai gidan ta kawo mana karin kumallo, wani farin fate na masara, kamar kooko da aka manta da citta da barkono da tsami da duk abin da ya sa ake kiransa kooko. Muka ci don kunya. Na ɗumama waakye na zuba wa mai gidan, ta ci tana lumshe ido, ta tambayi abin da ke sa shi ja. Razak ya fassara, na ce karan dafi ne, jan ganyen dawa da muke dafawa tare da shinkafa da wake. Na ƙara da cewa ɗan wanda na zo da shi ya kusa ƙarewa, kuma abin yana damuna.

Muka kama hawa. Tun a gindin dutse Hajiya ta buɗe tarihi. Kakanninta Kotokoli ne daga arewacin Togo, mutanen tsauni, hawan dutse a jininsu yake. Ni 'yar Hausawan fatake, mutanen fili, in na ji jiri kada in ji kunya in faɗa. Na san a Nima aka haife ta, kuma dutsen da ta taɓa hawa bai wuce na Aburi da ke bayan Accra ba. Hanyar ta fara nadewa kamar igiyar guga, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Tarihi ya fara raguwa. Can sai carbi ya fito. Can kuma na ji an damƙi gwiwata. Kunnuwanta suka toshe, ta shiga magana da ƙarfi tana cewa ta kurumce, a juya da ita. Razak ya ce ta haɗiyi yawu. Ta haɗiya, kunne ya buɗe, ta saki gwiwata ta gyara mayafi, ta ce dama tsaunukan Togo ba haka aka yi musu hanya ba.

A gefen hanya muna ta wuce mutane da ƙafa, kowa da sanda biyu ba tsufa ba, da ƙaton kaya a baya kamar kayaye masu dako a kasuwa. Na tambayi Razak wa ya ɗauke su dako. Ya ce ba kowa, motocinsu na ƙasa, hutu suke yi. Na ce Allah ya ƙara mana lafiya.

Sai muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak kamar shataletalen Circle da yamma, amma ba mai zagin wani. Beyar ce ta fito da 'ya'yanta biyu tana tsallaka hanya a hankali, kamar matar mai unguwa. Abin mamaki, maimakon a gudu, sai mutane suka fito da wayoyi suna matsawa. Razak ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Ban san lokacin da na cafki wuyan rigarsa ba, ashe Hajiya ta riga ta riƙe ɗaya gefen. Ya zauna. A hanyar Kumasi da wannan dabba ta fito, kafin la'asar an banƙare ta ana ɗaga wa matafiya.

A can ƙoli sanyi ya ratsa mu, gajimare yana ƙasa da ƙafafunmu. Zan faɗi gaskiya, wurin yana da kyau. Duwatsu bayan duwatsu, bishiyoyin sama sun fara ja da rawaya, na ƙasa suna nan kore, kamar an shanya atamfofi. Na yi tasbihi. Bayan ɗan lokaci na ce to mun gani, ina za a ci abinci?

Muka gangaro wani wuri a bakin rafi mai tebura na katako, muka ci, muka yi sallah. Razak ya ce zai taka gaba kaɗan inda waya ke kamawa ya kira gida. Yana ba da baya idona ya faɗa kan wani tsiro mai yaɗo da ya nannaɗe kututturen bishiya. Ganyensa uku-uku, ja wur, yana sheƙi. Duk ganyen da na gani a tafiyar ba wanda ya kai shi. Zuciyata ta ce, Ladi, ga karan dafin Amurka. Na tsinko cike da hannu biyu.

Hajiya ta taso ta ce me zan yi da shi. Na gaya mata. Ta ce wannan ba zai ba da launi ba, ita da ke sayar da mayafi ta fi ni sanin rini. Ta karɓa ta murtsuke a tafin hannu, ta kai hanci ta shinshina, ta goga a bayan hannunta. Na ce ba haka ake gwadawa ba, na murtsuke nawa da kyau har ruwansa ya fito, na shafa a damtse in nuna mata.

Muna cikin haka sai ga wata ma'aikaciyar gandun mai faffaɗar hula ta nufo mu da sauri tana girgiza hannu. Na ɗauka tara za ta ci mu. Ta tsaya nesa kaɗan tana nuna mu zubar. Razak ya iso a guje, suka yi magana, na ga fuskarsa ta canja. Ganyen mai dafi ne. Ko yaron goye a ƙasar ya san ba a taɓa shi. Man da ke jikinsa in ya shiga fata, sai ƙuraje da ƙaiƙayi na fitar hankali, kuma ba nan take ba, sai gobe. Da ta ji cewa dafawa na yi niyyar yi, matar ta cire hularta ta riƙe a ƙirji. Muka wanke hannu da buta, ba sabulu, ta ce mu hanzarta mu nemo. Hajiya ta ce a gaya mata kada ta damu, fatar obroni ce ba ta da ƙwari, mu da muka shekara arba'in muna yanka barkono.

Matar na tafiya muka juya kan juna. Hajiya ta ce kwaɗayin sana'a ne zai kashe ni, har a dajin mutane. Na ce wa ya aike ta ta karɓa, in ba iyayi ba. Daga ganye muka koma wanka, daga wanka muka koma tuwo da kooko, har gandar filin jirgi sai da ta fito. Duk abin da gaisuwa ta rufe shekara da shekaru ya tashi a bakin rafin nan.

Razak yaro ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya tsaya tsakaninmu kansa a ƙasa.

"Mma, Hajiya, ku gafarce ni. Ba kallon ganye na kawo ku ba. Yanzu na kira gida, ƙawarta ce ta ɗauka. Ta ce tun da muka fito Samira barci take, sai dai a tashe ta ta ba da nono. Kullum sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kuka don kada ku ji. Tana tsoron ta bi maganar ɗaya ta ɓata wa ɗaya. Samira da kanta ta ce mini har ta fara jin kamar yaron ba nata ba ne, aro ake ba ta."

Ya ɗauki kula ya nufi mota. Ni da nake ganin taimako na je yi, ashe yarinya tana kuka da famfo a buɗe, ni ina bayan ƙofa ina cewa tana ɓarnar ruwa.

Hajiya ta je ta zauna a kan wani dutse ta ba ni baya. Na daɗe a tsaye, sannan na je na zauna kusa da ita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ko na tuna Zulai. Na tuna. Yayar Samira ce, ta rasu tana cikin jego shekaru da yawa kafin a haɗa mu surukuta, har na je gaisuwa tare da matan unguwarmu. Ta ce ranar da safe Zulai ta ce mata kanta na ciwo, ita kuma ta ce mata ta kwanta, ta fita kasuwa, ta dawo ta tarar ta cika.

"Tun da aka ce Samira ta haihu ban yi barcin kirki ba," in ji ta. "In na ɗauke ido daga kanta sai in ga kamar..."

Ba ta ƙarasa ba. Wata guda muna gida ɗaya, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na ce Allah ya jiƙan Zulai. Na gaya mata ni kuma tsorona yaron nan ya girma a wata ƙasa bai san hannuna ba, in zama murya a waya. Ta ce ai duk ɗaya muke. Na kama hannunta na riƙe, ita ma ta riƙe nawa gam. Daga baya Samira ta ce wannan riƙon ne ya ƙarasa raba man ganyen daidai wa daida.

Washegari kafin in buɗe ido na ji ana sosa wani abu kamar ana kankare tukunya. Hajiya ce. Hannuwanmu sun kumbura kamar burodin da ya ji yis, ƙuraje masu ruwa sun jeru har damtse. Ita da ta shinshina, hancinta da leɓenta na sama sun tashi, in ta yi magana kamar tana fushi da kowa. Ƙaiƙayin kuwa, ku haɗa cizon sauro da ƙuma da barkono a ido, ba ku kai ba. Ba ta sake zancen fatar obroni ba. Mai gidan ta zo ta gan mu, ta dafe baki, ta koma ta kawo wani ruwan magani mai launin hoda ta shafe mu da auduga tana ta kiranmu zuma. Da ya bushe muka yi fari fat, kamar matan ƙabilar Ga da suka sha farar ƙasa ranar bikin Homowo.

Razak ya biya da mu wani ƙaramin asibiti aka ba mu ƙwayoyi, aka ce kada mu sosa. Ya sayo safa ya zura mana a hannu kamar jarirai. Haka muka yi doguwar hanyar nan. In nawa ya motsa sai in goga a kafaɗarta, in nata ya motsa ta goga a tawa. Hancinta ne ba dama, sai da na riƙe mata murfin kula da hannu biyu tana gogawa a gefensa. Wani direban babbar mota ya leƙo mu daga sama, ya ƙara wuta.

Samira ce ta buɗe mana ƙofa, fuskarta ta washe, yaro a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi uwarta, ta dubi safar. Ta miƙa wa Razak yaron, ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Tun da muka sauka ƙasar ban ji dariyarta ba sai ranar. Da ta natsu sai ma'aikaciyar jinya ta fito. Aka kwashe kayan da muka sa aka wanke, har buta. Ta kafa doka: ba mai taɓa jariri, ba mai taɓa tukunya, sai mun warke sarai.

Muka koma 'yan kallo a kan kujera. Ta yi wa ɗanta wanka da ruwa mai ɗumi, tana yi masa waƙa, bai narke ba, kansa ma bai karkace ba. Ta dafa abin da ranta ke so ta ci, ta ba mu a baki da cokali kwanakin farko. In mun ga abin gyara sai mu raɗa wa juna, ya tsaya a nan. Wani lokaci ita da kanta take juyowa ta ce, Mma, haka ake naɗe shi? Sai mu ba juna hanya, wannan ta ce Hajiya faɗa mata, waccan ta ce a'a ke dai. Ƙurajen suka bushe, dokar ba ta tashi ba sai da aka ƙara kusan mako. Daga baya Razak ya gaya mini cewa tun ranar da aka wanke mu da sabulu ba abin da zai kama yaron, kuma Samira ta fi kowa sani. Yarinyar tana da kai.

Da aka ɗage dokar, ita ta ɗauko Mubarak ta ɗora mini a cinya, ta ce in shafa masa man kaɗanya, Hajiya ta sa masa riga. Muka yi, ba wadda ta gyara wa wata.

Ranar dawowa Samira ta rungume mu tana kuka, na gaske, ta ce don Allah mu ƙara ko wata guda ne, yanzu ne ta fara jin daɗinmu. Zuciyata ta karye, Hajiya ma tana share ido. Muka juya mu ji ta bakin Razak, ba ya falon. Ta taga muka hango shi a ƙasa. Ya riga ya loda akwatunanmu, ya tayar da mota, ya buɗe ƙofofin baya duka biyu yana jira.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ladi, ɗan nan naki akwai hankali."

Na ce, "Ai 'yarki ce ta ƙarasa masa tarbiyya."

Abin da ya faru ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Wadda ba ta ƙoshi ba ta hau trotro ta je kasuwar Nima ta tambayi Hajiya Memuna. Sai dai ku sani, a nata labarin ni kaɗai na taɓa ganyen, ita garin ceto na ta kamu.